Kwamfutoci 14 suna sandarewa, 8 lafiya lau: ku taimaka kafin Juma'a

Abban Hanifa · Litinin, 9:40 na safe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako na uku ke nan ina fama da wata matsala da ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace.

Ofishinmu a Kaduna yake, aikinmu shigar da bayanan tsofaffin takardu cikin kwamfuta. Muna da kwamfutoci 22, duka CentOS 6 (wani nau'in Linux) ne a kansu, saba ɗaya ce ke riƙe da fayilolin kowa ta NFS, wato hanyar buɗe fayilolin saba ta netwok. Manhajar da ake aikin da ita da Java aka rubuta ta, wanda ya rubuta mana kuma ya daɗe da barin ƙasar, ko waya ba ya ɗauka. A watan jiya aka sayo kwamfutoci 14 na gwanjo, Core i5 ƙarni na huɗu, aka ƙara a kan tsofaffi 8 da muke da su. Tun daga nan muka shiga uku. Ma'aikaciya tana tsaka da bugu sai manhajar ta tsaya cak. Maus yana motsi, sauran tagogi suna buɗewa, ita kaɗai ce ta sandare, ba saƙon kuskure, ba komai. Sai na zo na kashe ta da kill -9, umarnin kashe manhaja da ƙarfi, duk abin da ba a adana ba ya bi ruwa. Wata rana sau biyu, wata rana sau shida. Tsofaffin takwas kuwa ko sau ɗaya ba su taɓa yi ba.

Na canza kebul, na canza RAM, na bar memtest ya kwana yana gudu, ba abin da ya nuna. Mai shagon da ya sayar mana na riga na yi masa wankin babban bargo ta waya. Oga ya ce ran Juma'a ko su gyaru ko a kwashe su a mayar, kuma kallon da ya yi mini ya nuna ba kwamfutocin kaɗai za a kwashe ba.

Ɗan Beirut · 9:52

Wa alaikumus salam. Oga, ni ban ga abin tashin hankali ba. Goge su ka zuba Windows, kowa ya huta. Kayan gwanjo kuma ka san halinsu, wata ta shekara a kwantena man da ke kan CPU ya bushe kamar ƙanzo. Buɗe ka goge ka sa sabo.

Abban Hanifa · 9:58

Ba zafi ba ne ɗan uwa, na duba. Da zafi ne ai duka kwamfutar za ta mutu, ba taga ɗaya ba. Manhajar kuma a kan CentOS aka ba mu ita, ban isa in taɓa wannan ba.

Na Damagaram · 10:15

Malam, tunda na ji ka ce NFS na san inda ta ke ciwo. Mu nan irin wannan ce ke cin mu. Da an ɗauke kuran (wutar lantarki), kafin a tada gurup (janareta), rezo (netwok) ya faɗi, duk wanda ke rubutu a kan saba ya maƙale. Har yau akwai guda a gabana da ta ƙi mutuwa tun safe, na yi mata kill -9 ya fi sau goma. Ka duba sabarka da suwic, ka bar mai shago ya sarara.

Baba Injiniya · 10:41

Salamu alaikum. Yaran nan, kun fara ba da magani ba ku ga mara lafiya ba. Abban Hanifa ya ce kill -9 yana kashe tasa nan take. Na Damagaram ya ce tasa ta ƙi mutuwa. To ta yaya za su zama cuta ɗaya?

Duk furoses ɗin da ya tsaya, wato manhajar da ke kan gudana, abu na farko shi ne a tambayi kanel, zuciyar Linux mai kula da su duka, a wane hali yake ciki. Harafi ɗaya ne zai faɗa maka. R yana gudu ko yana layin CPU. S barci yake, amma barcin da sigina ke iya tashinsa. D barci ne a cikin kanel, galibi jiran faifai ko saba, wanda sigina ba ta shiga. T an dakatar da shi. Z ya riga ya mutu, uban da ya haife shi ne bai zo ya karɓi labarin ba. Ku biyun, idan ta sake yi, kar ku kashe ta. Ku buga wannan ku kawo mini abin da ya fito:

ps -eLo pid,tid,stat,wchan:30,comm

Sannan ku duba dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, layukan ƙarshe.

Na Damagaram · 10:55

Baba, ga tawa tunda tana gabana. Harafin D ne. A dmesg kuma layi ɗaya ne ke ta maimaituwa, nfs: server, sai sunan sabarmu, sai not responding, still trying. Wani abin mamaki, uptime ya nuna load ya haura 30 alhali CPU ba ta yin komai.

Baba Injiniya · 11:10

Taka a fili take, kuma ba kuskuren kanel ba ne, abin da aka ce ya yi shi yake yi. NFS idan an ɗaura shi da hard, wanda shi ne yake zuwa da kansa idan ba ka zaɓi komai ba, to zai jira sabar ko da za a shekara. An yi haka ne da gangan don kar manhaja ta ɗauka ta rubuta abu alhali bai isa ba. Load ɗin kuma kar ya firgita ka. Linux tun 1993 yake ƙirga masu barcin D a cikin load, ba masu cin CPU kaɗai ba. Mutum talatin ne a zaune suna jiran saba, ba aiki suke ba.

Tambayar ita ce me ya hana sabar amsawa tun safe. Yi mata ping. Ina kyautata zaton ita ta tashi, amma wani suwic a tsakani bai dawo daidai ba, ko kuma sabar ta dawo da wani adireshin daban.

Auta · 11:18

Baba, a makaranta an ce mana a sa intr a fstab, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a ɗaura NFS, sai a iya katse shi da Ctrl-C. Ko kuma a sa soft kawai a huta?

Baba Injiniya · 11:34

Auta, littafin malaminku ya tsufa. Tun kanel 2.6.25, a 2008, aka daina kula intr. Ka rubuta shi ko kar ka rubuta, duk ɗaya. A madadinsa aka kawo wani irin barci da SIGKILL, siginar da kill -9 ke turawa, kaɗai ke iya katsewa. Shi kuma soft, a kan fayilolin da ake rubutu a kai, ni ban yarda da shi ba. Idan ya gaji da jira sai ya mayar wa manhaja da kuskure, manhajar da ba ta duba ba ta wuce abinta, ka tashi da fayil rabi da rabi ba ka sani ba sai bayan wata uku. Na taɓa kwana biyu ina tattara sakamakon ɗalibai daga takarda saboda wannan. Ga abin da karantawa kawai ake yi, sa soft ba laifi.

Maman Khalil · 11:50

Baba, da girmamawa, a ƙara ɗan bayani kar yara su tafi da cewa duk D ba ya mutuwa. Wancan barcin da ka ambata shi ma D yake nunawa a ps, kuma kill -9 yana kashe shi. Wanda ya ƙi mutuwa wani wurin daban yake jira a cikin kanel. cat /proc/PID/stack da root zai nuna inda ya tsaya. Saƙon nan ma na blocked for more than 120 seconds ba ya fitowa a kan waɗanda kill -9 ke iya kashewa, da gangan aka tsallake su, don haka rashin ganinsa ba ya nufin lafiya.

Baba Injiniya · 11:53

Gaskiyarki Hajiya. Na karɓi gyara.

Na Damagaram · 12:30

Jama'a, an gano. Ƙaramin suwic ne a bayan kabad wanda ba ya kan UPS, fitilunsa duka a kunne amma ba ya wuce da komai. Na zare shi na mayar, dmesg ya ce server OK, duk suka farka lokaci guda kamar an yi kiran Asuba. Na gode Baba. Malam Abban Hanifa, ka yafe, na ja zancenka gefe.

Abban Hanifa · 2:05 na rana

Ba komai, ai duk ƙaruwa ce. Yanzun nan ɗaya ta yi, na hana a taɓa ta. Baba, babu D ko ɗaya. Duk zarurrukan java, wato ƙananan layukan aikin da ke gudana tare a cikinta, Sl ne, barcin S ke nan, kuma kusan duka a futex_wait_queue_me suke. dmesg fes, ba maganar NFS. Na shiga fayilolin da ke kan saba daga kwamfutar da ta sandare, suna buɗewa lafiya. Load kusan sifili.

Maman Khalil · 2:20

To netwok ya fita, NFS ya fita. Amma kar kowa ya yi saurin cewa kanel. Duk manhajar Java da ke zaune ba aiki, haka za ka ga zarurrukanta a futex_wait_queue_me, nan ne wurin jiransu na yau da kullum. Shekarata goma sha ina rubuta Java, kuma kusan duk sanda aka kawo mini ƙarar "tsarin ne ya lalace", a ƙarshe mu masu rubutun ne. Zare na ɗaya ya riƙe makulli A yana jiran B, na biyu ya riƙe B yana jiran A, a zauna a yi ta kallon juna. Sababbin kwamfutocinka sun fi sauri, sun fi yawan ƙwaƙwalen CPU masu aiki lokaci guda, don haka kuskuren da ya ɓuya a tsofaffi sai ya fito fili. Buga jstack, mai nuna inda kowane zaren Java ya tsaya, da lambar furoses ɗin. Idan irin wannan ne, da bakinsa zai ce Found one Java-level deadlock.

Abban Hanifa · 2:31

Hajiya, jstack ɗin ma ya tsaya, daga baya ya ce furoses ɗin ba ya amsawa.

Baba Injiniya · 2:36

Gwada strace -f -p da lambar, shi ke nuna kiran da furoses ke yi wa kanel, mu ga wanda ya tsaya a kai.

Abban Hanifa · 2:44

Ikon Allah. Jama'a ban san me zan ce ba. Ina danna Enter, layin farko ya nuna futex da FUTEX_WAIT_PRIVATE, sai kawai rubutu ya fara zuba kamar an ɓalle famfo. Na ɗaga kai, manhajar ta farka, har haruffan da matar ta buga tun ɗazu suka fito lokaci guda. Ba abin da ya ɓata. Matar ta kalle ni ta ce, "Malam, ashe tsoronka take ji." Yanzu duk ofis an ɗauka ina da wani asiri.

Ɗan Beirut · 2:47

Hhhh. Oga ka fara karɓar kuɗin tofi kawai.

Maman Khalil · 2:58

Wannan ya rushe maganata, ko aƙalla rabinta. Zarurruka biyu da suka sarƙe da juna, leƙa su ba ya raba su. Ko ka yi strace sau ɗari suna nan yadda ka bar su. Idan leƙawa ta tashe shi, to ba wanda ke riƙe da makullin, kiran tashi ne bai iso ba. Ban taɓa gani da idona ba.

Mai Shiru · 4:12 na yamma

Salam. Ban cika magana a nan ba, amma wannan na san shi, ya taɓa cinye mini kusan wata guda a wani wurin aiki. Abban Hanifa, kafin in ce komai, buga uname -r a ɗaya daga cikin tsofaffin da ɗaya daga cikin sababbin.

Abban Hanifa · 4:20

Duka CentOS 6 ne Malam, iri ɗaya ne.

Mai Shiru · 4:21

Buga dai.

Abban Hanifa · 4:33

Na ji kunya. Tsofaffin 2.6.32-431 ne. Sababbin 2.6.32-504. Faifan da aka sa wa tsofaffin ya karce, sai na ɗauko wani DVD a durowa, ashe 6.6 ne, su kuma 6.5. Kuma ba wadda ta taɓa ganin intanet balle a sabunta ta.

Mai Shiru · 5:05

To shi ne. Sanannen kuskure ne a kanel, kuma kai ka haɗa duk sharuɗɗansa a ɗaki ɗaya.

Futex shi ne abin da kanel ke ba manhajoji su yi makulli da shi. Java, MySQL, duk mai amfani da pthread a kansa yake. Zaren da ya tarar da makulli a rufe sai ya ce wa kanel, kwantar da ni, idan an buɗe a tashe ni. Wanda ya buɗe kuma sai ya ce wa kanel, tashi mai jira. A kanel 3.14, wanda ya fito a Maris 2014, aka yi wani gyara don ƙara sauri: mai buɗewa ya fara leƙa ƙidayar masu jira, idan sifili ce ya wuce abinsa ba tare da wahalar da kowa ba. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi. Dole rubutun "na buɗe" ya bayyana ga sauran kwakwalen CPU kafin a karanta ƙidayar. CPU kuwa, har na Intel, an yarda ya karanta abu kafin rubutun da ya gabace shi ya isa wurin kowa, sai dai idan an sa masa shinge a tsakani. An sa shingen a hanyoyin futex da ake rabawa tsakanin furoses da furoses, aka manta da hanyar PRIVATE, wadda ita ce zarurrukan manhaja ɗaya ke bi. Ka ga kalmar da strace ya nuna maka.

Catalin Marinas na kamfanin ARM ne ya gyara shi a Oktoba 2014, layukan gyaran ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, ya shiga 3.18. Abin da ya jawo ya shafe ka shi ne an ɗauko wancan gyaran saurin an dasa shi a tsohon kanel na RHEL 6.6, Linux ɗin kamfanin Red Hat, CentOS 6.6 kuma kwafinsa ne, tare da ramin. 6.5 ba shi da shi. A Mayu 2015 Gil Tene na Azul Systems ya yi shela a kai, ya ce sun fi ganinsa a injinan Haswell. Haswell kuwa shi ne Core ƙarni na huɗu. Wato abin da kuka sayo.

Auta · 5:14

Malam ban gane yadda za a rasa tashin ba. Ai ko dai ya ga a buɗe, ko kuma a gan shi yana jira.

Mai Shiru · 5:32

Haka ya kamata, kuma aikin shingen ke nan. Ɗauka ɗakin ganin likita ne, da allo a ƙofa mai cewa "akwai mutum". Ƙa'ida ita ce mai fitowa ya juya allon, sannan ya leƙa benci, idan da mai jira ya taɓa shi. Mai zuwa kuma ya zauna a benci, sannan ya dubi allon, idan "akwai mutum" ne ya sunkuyar da kai ya yi barci. Yanzu mai fitowa ya aiki yaro ya juya allon, shi kuma bai jira yaron ba ya leƙa benci, ya ga wayam, ya tafi. A daidai wannan ƙiftawar mai zuwa ya zauna, ya dubi allon da yaro bai kai ga juyawa ba, ya yi barcinsa. Ɗaki ba kowa, allo ya ce ba kowa, shi kuma yana ta minshari har a tashi aiki.

Da strace ya kama furoses, kanel yana katse kiran da yake ciki sannan ya sake shigar da shi. Da ya sake duba makullin sai ya gan shi a buɗe, ya wuce. Ka girgiza mai barcin ne kawai ya ɗaga kai ya ga allon. gdb ma yana yin haka, jstack -F ma haka. Shi ya sa kuskuren ya wahalar da mutane: duk kayan da ka ɗauko don ka duba shi, su ne ke kore shi.

Ɗan Beirut · 5:40

Kun gani ko? Da Windows ne da ba a yi haka ba.

Baba Injiniya · 6:02

Kai yaro, zauna. Windows 95 da 98 suna sandarewa idan suka kwana 49.7 a kunne, saboda ƙidayar milisakan ta cika 4,294,967,296 ta koma sifili. Sai a 1999 Microsoft ta fitar da gyara. Mu nan ba mu taɓa gani ba, don ba kwamfutar da ta taɓa samun wutar kwana 49 a jere. Windows 7 da Server 2008 R2 ma suna da nasu na kwana 497, inda tsofaffin haɗin TCP ke ƙin rufuwa har ƙofofi su ƙare. Linux 2.6.32 yana da na kwana 208. Kowa da kashinsa a gindi.

Wanda ba zan manta ba shi ne na daren 30 ga Yuni 2012, da aka ƙara daƙiƙa ɗaya a agogon duniya. A nan ƙarfe ɗaya na daren 1 ga Yuli ne. Na wayi gari duk abin da ke Java da MySQL ya cinye CPU, fanka na ihu. Shi ma futex ne ya rikice, amma ta ɗaya gefen: maimakon a kasa tashi, sai aka kasa barci. Reddit da Mozilla sun sha, jiragen Qantas sun yi jinkiri a Ostareliya. Maganin kuwa layi ɗaya, ka sake saita agogo da date -s a kan lokacin da yake kai. Na yi awa huɗu kafin wani ya turo mini.

Auta · 6:20

To tunda girgiza shi ke tashinsa, Yaya Abban Hanifa ya sa cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci, ya riƙa tura kill -STOP da kill -CONT, wato dakatarwa da ci gaba, kowane minti ɗaya. Ba sai an taɓa kanel ba.

Mai Shiru · 6:31

Zai yi aiki, mutane sun yi hakan a 2015 kafin gyara ya iso su. Gobe idan ta sandare a yi shi da hannu don kar aiki ya ɓata, ya fi kill -9 nesa ba kusa ba. Amma kar a mayar da shi cron. Ba java kaɗai ke bin wannan hanyar ba, duk mai zarurruka a kwamfutar yana iya faɗawa, kuma ranar da ka bar wurin wanda ya gaje ka ba zai san me ya sa ake tsinkulin manhaja kowane minti ba. Gyaran yana cikin 2.6.32-504.16.2 da duk abin da ya biyo baya.

Maman Khalil · 7:10

Bayanin ya zauna, amma ni sai na ga gwaji. Abban Hanifa, kar ka sabunta duka 14. Yi bakwai, bar bakwai, kar ka canza komai sai kanel, ko Java kar ka taɓa. Ka sa takarda a bango a riƙa rubuta lambar kwamfuta da lokaci duk sanda ɗaya ta tsaya. Idan ka yi duka rana ɗaya kuma aka yi sa'a kwana biyu shiru, ba za ka san ko gyaran ne ko sa'ar ba. Takardar kuma ita za ka kai wa Oga ran Juma'a.

Sai magana ta biyu, wadda ba za ka so ba. CentOS 6 ya daina samun gyaran tsaro tun 30 ga Nuwamba 2020. CentOS 7 ma ya bi shi a 30 ga Yuni 2024. Kuna riƙe da bayanan mutane a kan abin da ba mai kula da shi. Java ce fa, ba dutse ba. Ɗauki kwamfuta ɗaya ka sa mata AlmaLinux ko Rocky ko Debian, ka sa Java irin wadda kuke da ita, ka gwada. Zai yi wuya ta ƙi tashi.

Baba Injiniya · 7:25

Hajiya, a bar shi ya kashe wutar da ke gabansa tukuna. Mutumin da aka ba wa'adin Juma'a ba a ce masa ya sake ginin gida. Tunda ba sa kan intanet, haɗarin da sauƙi.

Maman Khalil · 7:29

Filash nawa ke shiga ofishin a rana, Baba?

Baba Injiniya · 7:31

To, nan kam kin kama ni. Amma dai bayan Juma'a.

Abban Hanifa · Talata, 8:50 na safe

Na jona ɗaya da wayata na yi yum update kernel, ya ce ba ya samun ma'ajiya.

Mai Shiru · 9:15

An kwashe su daga madubai tun da aka rufe 6, suna vault.centos.org. Kar ka ɓata data a kowace kwamfuta. Shiga 6.10, shi ne na ƙarshe, kanel ɗinsa 2.6.32-754. Sauke kernel da kernel-firmware, zai kuma iya neman sabon dracut da dracut-kernel, haɗa su duka a filash. Su firmware da dracut ka yi musu rpm -Uvh. Shi kanel kuwa rpm -ivh, da i, ba U ba. U zai cire tsohon, idan sabon ya ƙi tashi ka rasa tudun dafawa. Da i tsohon yana nan a jerin GRUB, inda ake zaɓen kanel lokacin kunnawa. Bayan ka sake kunnawa ka buga uname -r ka tabbata sabon ne ya tashi, don na taɓa yin kwana uku ina murna ashe tsohon nake kai.

Abban Hanifa · Talata, 1:40 na rana

An yi wa bakwai, lamba 9 zuwa 15. Ɗaya ta ƙi nuna hoto daidai, ashe kebul ɗin allon ne ya saki da na ja ta. Takarda tana bango. Na koya wa shugabar masu bugun yadda za ta kira ni maimakon ta danna maɓallin kashewa.

Abban Hanifa · Alhamis, 5:20 na yamma

Rahoto. Daga Talata da rana zuwa yanzu an rubuta tsayawa 8 a takarda. Lamba 17 sau uku, 20 sau biyu, 16 da 19 da 22 sau ɗaiɗai. Daga 9 zuwa 15 babu ko ɗaya. Duk takwas ɗin STOP da CONT ya tashe su, ba a yi asarar ko layi ɗaya ba. Na kai wa Oga takardar yau ban jira goben ba. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wato ba kayan ne ba su da kyau ba, faifan da ka ɗauko ne." Na ce e, yallaɓai. Bai ƙara cewa komai ba, amma ya fasa mayarwa.

Maman Khalil · 5:34

Takwas da sifili a kwana biyu da rabi, na yarda. Ka bar takardar a bango mako biyu bayan ka gama sauran. Kuma ban manta da maganar kwamfuta ɗayan nan ta gwaji ba, zan tambaye ka ran Litinin.

Ɗan Beirut · 5:41

Ni mai shagon nake tausayi. An zage shi tas a kan DVD ɗin durowa. A madadin 'yan kasuwa, Oga, sai ka je da kanka.

Abban Hanifa · 5:55

Na kira shi ɗazu, ya ce ya ji, amma sai na zo shago na maimaita a gaban yaransa tunda a sifika ya sa ni ranar. Zan je Asabar. Malam Mai Shiru, Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Na Damagaram · 6:10

Amin. Mu ma mun saya wa suwic ɗin bayan kabad ƙaramin UPS. Malam Mai Shiru, akwai wata saba a wurin wani abokina a Maraɗi, ina jin ita ma 6.6 ce, MySQL ɗinta kan yi shiru haka kawai sai an sake kunna ta. Zan sa ya turo uname -r.

Mai Shiru · 6:18

Ya turo da grep "model name" /proc/cpuinfo ma. Idan ta sake yin shiru kar ya kashe ta, ya duba harafin tukuna.

Abban Hanifa · 6:26

Auta, idan kana son fayilolin kanel ɗin, zan tura maka da dare idan data ta yi arha. Sauran bakwai ɗin gobe bayan Masallaci zan yi musu, filash ɗin yana aljihuna.